Ranar yajin aiki muna tare, ranar saro kowa tasa ta fishshe shi

A ƙarshen watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha da ke Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta ce kada motar kaya ta sake gangarawa Kudu. Haka kuwa aka yi. Tireloli suka yi jerin gwano a Jebba, tumatir da tattasai da albasa suka yi tashin gwauron zabi a kasuwar Mile 12 ta Legas, mahauta suka rasa abin yanka. Sai da aka yi kusan mako guda kafin manya su shiga tsakani a janye. Ko yajin ya dace ko bai dace ba, an sha wannan muhawara a lokacin, kuma manoman Kura da Kadawa da tumatirinsu ya ruɓe a kwando su ma suna da ta cewa. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen da kullum ake cewa ba su iya haɗa kai ba, dubbansu, daga Sakkwato har Mubi, sun bi magana ɗaya cikin 'yan kwanaki, babu takardar gwamnati babu ɗan sanda a bayansu.

To ka koma wajen waɗannan mutanen a ranar da babu rigima. Kowa da dillalinsa, kowa da direbansa, kowa yana ɓoye wa na kusa da shi ranar da zai yi lodi. Sai motoci da yawa su dira kasuwa ɗaya da asuba ɗaya, farashi ya karye, kowa ya dawo yana Allah wadai da mai saye. Ba a taɓa zama an ce kai ka tashi Litinin, ni Laraba ba. Balle a yi maganar haɗa kuɗi a gina wurin busar da kaya ko ɗakin sanyi. Haɗin kanmu na ranar masifa ne: gobara, rasuwa, kamun kwastan, ƙarin kuɗin shago. A nan ba a fi mu ba. Amma ranar saro, ranar da ake yanke ribar shekara tun kafin kaya su iso shago, kowa shi kaɗai yake tafiya. Ni a ganina wannan ne ke cin ƙaramin ɗan kasuwar Arewa fiye da rashin jari da muke ta kuka a kai.

Kada a ɗauka ina raina matsalar jari. Ƙididdigar da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka fitar a 2021 ta nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun haura miliyan 39, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko shi da yaransa kaɗan. Waɗannan su ne suka kwana ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, kafin mako ya zagayo ta wuce 500 a Kano. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, dalar da ake lissafawa wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A watan Afrilu kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Mai jarin da a da yake ɗauko dila biyar ya koma ɗauko biyu, bai ci ba bai sha ba. Babban ɗan kasuwa ya ji jiki shi ma, amma yana da abin da ƙarami ba shi da shi: yana saye da yawa, saboda haka shi ke faɗin farashi, shi ake ba bashi, shi ake kai wa kaya har ƙofa. Yawan saye ne ƙarfinsa. Kuma yawan saye abu ne da mutum goma masu ƙaramin jari za su iya samu gobe da safe in sun so.

Je ka layin teloli a goman ƙarshe na azumi. Shaguna biyar ko shida a jere, kowanne da ƙaramin janaretonsa a bakin ƙofa yana tari yana feshin hayaƙi, ba ka jin maganar na kusa da kai sai ka ɗaga murya. Kowane maigida ya tura yaro da galan wajen 'yan bumburutu a sayo lita biyu, in ta ƙare a sake tura shi. Kowanne ya aika kasuwar Kantin Kwari a sayo masa zare da sitif da zif da maɓalli a farashin ɗai-ɗai, kowanne ya biya nasa kuɗin adaidaita. Kowanne ya naɗe wuyan riga ya kai wa mai injin aiki na kwamfuta a wata unguwa, ya shiga layi bayan mutum talatin, ya dawo yana ba mai shadda haƙuri: "Alhaji, gobe in sha Allahu." Kuɗin man da suke ƙonawa su shida a wata biyu ya isa ya zama kafin alƙalamin sola ko janareto ɗaya mai ƙarfi. Bayan Sallah kuma, lokacin da keke ke yin ƙura, sai wata makaranta ta zo neman mai ɗinka kayan ɗalibai ɗari huɗu cikin mako uku. Babu wanda zai iya shi kaɗai, babu kuma wanda zai leƙa shagon maƙwabci ya ce zo mu raba. Aikin ya tafi wani gari.

In ka kawo musu maganar, amsar ba ta canzawa. "Ka san halin mutanenmu." "Haɗaka ba ta ƙarko." "Ni ba na son abin da zai haɗa ni rigima da maƙwabci." Kuma bai kamata a yi musu dariya ba, domin kusan kowanne yana da labari na gaske a bayan maganarsa: wanda aka ba kuɗin saro ya dawo da rabin kaya da dogon bayani, ko injin da aka saya tare ya lalace kowa ya ce ba a hannunsa ya mutu ba, ko aminan da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya yanzu ko gaisawa ba sa yi. Mutumin da ya ƙi haɗaka ba wawa ba ne, lissafi ya yi. Ya ga asarar da yake yi shi kaɗai a hankali take zuwa, ta haɗaka kuwa rana ɗaya take zuwa ta tafi da kuɗi da zumunci.

Inda ban yarda da shi ba shi ne wajen "halin mutanenmu". Wane hali? Kasuwancin da ya sa aka san Bahaushe daga Tarabulus zuwa Kumasi kusan dukkansa na haɗaka ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ba wanda ya taɓa kama hanya shi kaɗai da jakinsa. Ayari ake yi, mutum ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, a ɗauki kanwa da tufafin rini da fata, a tsallake kogin Kwara, a ratsa Borgu har Salaga da ke Ghana ta yau, tafiyar watanni. Kowa da kayansa, kowa da ribarsa, amma madugu ɗaya ne. Shi ke tsai da ranar tashi da inda za a yi zango, shi ke cinikin kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya a madadin kowa, sannan a raba nauyin gwargwadon kayan mutum. Mai jaki biyu yana samun tsaro da rangwamen da shi kaɗai ko a mafarki ba zai samu ba. Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, wanda ake ba da misali da arzikinsa har yau, daga wannan fataucin goro ya taso kafin gyaɗa ta zo.

Haka zangunan da Hausawa suka kafa a Kumasi da Accra da Sabo ta Ibadan. Mai shanu ya taso daga Arewa, ya sauka gidan maigidan da wataƙila bai taɓa gani ba, a ba shi masauki da abinci, a sayar da shanunsa bashi ga mahautan da bai san sunansu ba, ya kuma samu kuɗinsa. Maigida ne ya tsaya masa. In mahauci ya ci amana, duk masu masauki sun daina ba shi kaya. In maigida ne ya ci, labari ya riga shi isa Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa.

A nan ne sirrin yake, kuma shi ne abin da ya ɓace. Ba lallai ne mutanen wancan zamani sun fi mu tsoron Allah ba. Amanarsu tana da bulala a bayanta. Duniyar ɗan kasuwa ƙarama ce, sunansa shi ne jarinsa, in ya ɓaci a Kano ya ɓaci a Salaga, kuma kowa ya san aikin madugu, ya san rabonsa, ya san wanda zai kai wa ƙara. Yau mutum ya cinye kuɗin abokansa, ya cire layin waya, ya koma Abuja ko Fatakwal ya buɗe sabon shago, wani lokaci ma ya dawo da babbar mota a riƙa yi masa barka da zuwa. Tsohuwar bulala ta tsinke, mu kuma mun ƙi karɓar wadda za ta maye gurbinta, wato takarda da shaidu.

Kunyar rubutu ta yi mana illa ƙwarai. Abokai biyu za su haɗa miliyan uku-uku, ɗaya ya ce bari a rubuta, ɗayan ya ɓata fuska: "Haba Malam, ni da kai sai mun rubuta? Ashe ba ka yarda da ni ba." Shi kenan an rufe bakinsa. Ba a faɗi wa zai zauna a shago ba, ba a faɗi ko mai zaman yana da albashi ba, ba a faɗi wa ke da ikon ba da bashi ba, ba a faɗi yadda za a yi in ɗaya ya buƙaci kuɗinsa ba. Bayan shekara, wanda ke zaune yana ganin shi ke wahala ɗayan na kwance, wanda ke waje yana ganin ana ci da guminsa. Sau da yawa babu ɓarawo a cikinsu. Kowanne yana riƙe da yarjejeniyar da ya ƙulla a zuciyarsa, kuma ba iri ɗaya ba ce. Abin mamaki, mu ne muke karanta aya ta 282 a Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce in kun ƙulla bashi zuwa wani lokaci ku rubuta, ku kafa shaidu, kada ku ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babi sukutum a kan tarayya da ƙiradi, inda wani ke kawo kuɗi wani ke kawo aiki, da sharaɗin a san rabon kowa tun farko. Muna karanta babin da safe, da rana mu je kasuwa mu yi akasinsa don kada a ce mun cika ƙwaƙwa.

Ko dangantakar maigida da yaron shago wannan cutar ce ke cinta. Yaro ya shekara goma sha biyar yana buɗe shago yana rufewa, bai san ranar sallama ba, bai san da me za a sallame shi ba, kullum "ana nan ana shiri". Daga ƙarshe ko dai ya fara taɓa aljihun shago, ko ya fita da fushi ya kwashe kwastomomi. Inyamurai suna da irin wannan tsari na ɗaukar yaro, amma tun ranar farko ake yanke shekaru a gaban dangi, a kuma san cewa jari zai biyo baya. Su ma ana samun iyayen gida masu ƙulla wa yaro sharri dab da lokacin sallama, ba mala'iku ba ne. Sai dai yaron da aka sallama lafiya yakan zama abokin saro, su haɗa kuɗi su cika kwantena tare. Da haka Nnewi ta tashi daga garin masu sayar da kayan gyaran babur da mota zuwa garin masana'antu. Innocent Chukwuma, mai kamfanin motocin Innoson, daga cinikin kayan gyara ya fara.

Akwai kuma tsohuwar ɗabi'ar ɓoye hanyar saro. A da tana da ma'ana: wanda ya san layin da ake samun wani leshi a Dubai ko Guangzhou yana da abin da wasu ba su da shi, sai ya yage tambarin kwali kafin kaya su shigo shago. Waya ta kashe wannan sirri. Yarinya tana ɗakin uwarta a Gusau za ta ɗauki hoton yadi ta nemo masana'antar a Alibaba kafin la'asar. Masu masana'antar ma sun daɗe da daina jiran mu je, sun biyo kayansu har gida. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Chana 45 a Kano bisa zargin suna kasuwancin yadi a Kantin Kwari ba bisa ƙa'ida ba, 'yan kasuwa suka yi murna. Shekaru sun wuce, kukan bai canza ba, domin kamu ba ya sauya lissafi: mai kawo kwantena goma zai karya mai kawo dila uku ko Bahaushe ne ko baƙo. 'Yan tebur hamsin da ke sayen turmi goma-goma a hannun mutum ɗaya, kowanne yana rantsuwa shi aka fi yi wa sauƙi, da sun turo wakili ɗaya da odar turmi ɗari biyar da wata magana ake yi. Amma ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Mun fi yarda da baƙon da muka haɗu da shi a WhatsApp a kan wanda muka shekara goma muna bin liman ɗaya da shi.

Mata sun fi mu a nan, kuma ba na jin an taɓa ba su haƙƙinsu. Adashi haɗaka ce tsantsa, kuma yana tafiya shekara da shekaru a unguwannin da babu banki. Dalili shi ne yana da duk abin da haɗakar maza ta rasa: an san zubi, an san rana, an san jerin kwasa, uwar adashi tana da littafinta, wadda ta yi wasa da zubi kuma duk unguwa ta ji. Matsalarsa ɗaya a wannan zamani, kuɗi ne ke zagayawa, kuma kuɗin yana narkewa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, wato wadda ta kwasa a ƙarshen zagaye ta yi wa ta farko hidima ne kawai. Masu soya cincin da masu haɗa turaren wuta da masu yaji da ke talla a waya, da za su juya rabin zubin nan zuwa sayen buhun fulawa da jarkar mai da robobin zuba kaya a farashin sari, ko su kama ɗaki ɗaya mai tsabta su riƙa aiki a ciki bi da bi, da sun tsallake katangar da ke tare yawancinsu. NAFDAC ba ta ba da lamba sai ta ga wurin da ake haɗa kaya, manyan kantuna kuma ba sa karɓar abin da ba shi da lamba. Mace ɗaya ba za ta iya gyara ɗaki don wannan ba. Takwas za su iya.

Ƙungiyoyin kasuwa ne ya kamata su riƙe wannan aiki, amma mu faɗi gaskiya, yawancinsu sun zama wurin karɓar kuɗin kati, da rabon muƙami, da tarbar ɗan siyasa in zaɓe ya matso. Ana kashe kuɗi a zaɓen shugaban layi kamar na ɗan majalisa, fosta har a jikin bishiya, amma ban taɓa jin an tambayi ɗan takara nawa zai rage wa mambobi a kuɗin dako ko na wuta ba. Bayan gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, sai da hukumar samar da wuta a karkara ta shigo da shirin ba kasuwanni wuta a 2018, tare da kasuwar Ariaria ta Aba da Sura ta Legas, kafin shaguna su fara shan wuta daga tushe ɗaya suna biya gwargwadon abin da suka sha. Shiri ne mai kyau. Amma kasuwar da biliyoyin naira ke juyawa a cikinta ba ta buƙaci jiran Abuja ba kafin ta gane janareto dubu sun fi wuta ɗaya tsada.

Dole kuma a raba tsakanin haɗa kai da haɗa baki. 'Yan kasuwa su taru su rage wa kansu kuɗin saye da na dako, kowa ya amfana har mai saye. Su taru su ƙulle kaya ko su hana wani sayarwa ƙasa da farashin da suka yanke, wannan zalunci ne, addini ya hana, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ma ta hana. Lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta rufe wasu rumbuna a kasuwar hatsi ta Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar sun musanta, amma yadda talakawa suka yi ta sa albarka ya nuna irin kallon da ake yi wa duk wani taron 'yan kasuwa. Wanda zai kafa haɗaka ya san da wannan zargi a wuyansa zai fara.

Ba na ba kowa shawarar ya haɗa shagonsa da na wani. Wannan ne ya fi saurin kawo rigima, kuma ba a buƙatarsa. Fatake ma ba su haɗa kaya ba, hanya suka haɗa. A fara da abu ɗaya da ke da farko da ƙarshe: saro ɗaya, mota ɗaya, kwangila ɗaya. A rubuta sunan kowa da abin da ya zuba, wa zai je, nawa ne ladansa, wa zai ɗauki asara in kaya sun jiƙe a hanya, ranar da za a zauna a yi lissafi. Kuɗi su bi ta asusu, kada su bi ta aljihun babbar riga. Mutum biyu da ba su da hannu a ciki su sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. In an yi sau uku ba a ji kan kowa ba, sai a yi maganar rajistar ƙungiyar gama kai a ma'aikatar jiha, wadda ke ba da damar buɗe asusu da sunan ƙungiya da neman rance a matsayin jama'a.

Sai layi ɗaya da kowa ke tsallakewa saboda ba a son ambatonsa: in ɗayanmu ya rasu fa? Yawancin haɗakar da na ga ta kai gaban alƙali ba masu ita ne suka kai ta ba, magada ne. 'Ya'ya sun ji mahaifinsu yana cewa "injinmu", sun ɗauka nasa ne. Abokin da ya rage ya san kashi ɗaya cikin uku ne na mamaci, amma shaidarsa ɗaya tilo tana kabari. A rubuta ko magada za su ci gaba da karɓar rabo, ko za a kimanta kason a biya su, da wanda zai kimanta, da tsawon lokacin biya. A kuma nuna wa babban ɗa ko uwargida takardar tun mai ita yana raye.